Abin da Na Gani a Ƙafafun Yaya Nasiru

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da muka ɗauki Yaya Nasiru daga gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi muka kai shi makwancinsa. Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu, shi ya yi masa wanka, ni kuma nake zuba ruwa. Da muka gama, Baffa ya dafa kafaɗata ya ce, "Habibu, abin da idonka ya gani a ɗakin nan amana ne. Mai wankan gawa ba shi da baki." Da dare bai yi ba Inna ta ƙara da nata roƙon, tana kuka, ta ce kada in tona mana asiri tana raye, ga ƙannena mata ba su yi aure ba. Na riƙe mata alƙawari. Inna ta rasu da azumin da ya wuce, Allah Ya jiƙanta, ƙannena kuma har sun fara aurar da nasu 'ya'yan. Yau zan yi magana.

Yaya Nasiru tela ne, ɗinkin mata yake yi a wani ɗan shago kan hanyar kasuwar Tarauni. Muryarsa siririya ce, tafiyarsa da yanga, in yana magana hannunsa na taya shi. Mutanen unguwa suna ce masa ɗan daudu. Matan da in ya wuce suke cewa "Allah Ya shirya," su ne dai in Salla ta matso suke layi a ƙofar shagonsa da atamfofinsu, kowacce na roƙon a fara da nata. Yakan yi dariya ya ce da ni, "Ka ga masu yi min addu'ar shiriya sun iso, miƙo min almakashi." In yana taka keke, daga bakin titi za ka ji, ƙarar ba ta yankewa sai ya kai ƙarshen layi. Da ƙafar nan ya biya min kuɗin makaranta, da ita aka sake rufin ɗakin Inna.

Sau ɗaya ya taɓa buɗe min cikinsa. Ya ce, "Habibu, ni ban taɓa jin sha'awar mace ba. Na yi addu'a, na yi azumi, ban ga canji ba. Ka bar ni da Ubangijina." Ban ƙara tambayarsa ba, kuma ba zan zauna a shafin jarida ina yi masa hisabi ba. Wanda Ya halicce shi Ya fi ni sanin sa.

Baba ne bai iya barin sa ba. Maganar majalisa ta ishe shi: ɗa ya doshi talatin ba aure, ga abin da ake kiran sa da shi. Sai wani ya ba shi labarin wani gidan mari a bayan gari, inda aka ce mai gidan yana mai da irin su Yaya maza. Aka yaudari Yaya da cewa za a je gaisuwar mutuwa, ya shiga mota da sabuwar hularsa. Mai gidan ya dube shi sau ɗaya ya yanke hukunci, wai aljana ce ta aure shi, kuma ba ta fita sai da wuya. Wuyar kuwa an ba shi. Mari a ƙafa dare da rana, hayaƙin barkono a ɗaki rufe, abinci sai an ga dama. Kullum da safe a tsai da shi a tsakar gida a ce ya yi sallama da babbar murya, in ta fito siririya a zuba masa dorina. Baba kuma yana aika buhun masara da kuɗin magani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya shiga gidan nan soja na mulki, ya fito farar hula sun hau. Muryarsa tana nan yadda Allah Ya yi ta, sai dai ta dishe. Abin da ya canja kawai ƙafafunsa ne. Ƙarfen ya ci idon sawunsa duka biyu, na hagu ya zama gyambo. Ranar da ya koma shago ya ɗora ƙafa a kan keke, ya taka sau biyu, ya kifa kai a kan teburin. Tun daga ranar ni nake taka masa, shi yana yanka yana nuna min. Haka na zama tela. An tafi gyaran gira an rasa ido.

Masu ƙananan shekaru ba za su gane irin ɗokin da aka yi a lokacin ba. Ko'ina ka juya maganar 'yanci ake, rediyo ba ta da zance sai tsarin mulki da haƙƙin ɗan Adam. Ni na ɗauka surutun 'yan siyasa ne. Yaya kuwa ya gaskata, har cikin ransa. Ya ce tunda an ce yanzu talaka na iya kai ƙara, shi zai kai.

Na raka shi ofishin 'yan sanda yana dogara sanda. Wanda muka tarar a kan tebur ya saurare shi, ya ce, "Wa ya kai ka can?" Yaya ya ce mahaifinsa. Sai mutumin ya kwashe da dariya ya ce, "To wa kake ƙara ke nan? Malam, in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Sannan ya kira abokan aikinsa, ya ce da Yaya ya ɗan taka daga nan zuwa ƙofa su ga irin tafiyar da ta jawo masa. Mutum da gyambo a ƙafa! Har gobe ban manta da dariyar nan ba.

Mutum ɗaya ce ta tsaya masa, Anti Rifkatu, lauya 'yar Kudancin Kaduna da ke zaune a Tarauni, wadda Yaya yake ɗinka wa matan cocinsu anko. Da ta ga ƙafar ta yi hawaye, ta ce su ma a wajensu akwai masu kulle mutum a ɗakin addu'a da yunwa da sunan fitar da iska, duk kanwar ja ce. Ta ce doka ta hana azabtar da kowa, kuma uba ba shi da ikon sa a ɗaure baligi mai hankalinsa. Ta shigar da ƙara ba ta karɓi ko sisi ba. Aka shiga ɗage zama, yau alƙali ya yi tafiya, gobe ba a kai wa mai gidan sammaci ba. Ana cikin haka aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano, gari ya ɗauki zafi, irin su Yaya suka shiga ɓuya.

Anti ta zo gida ta gaya masa gaskiya. Ta ce, "Tela, lauyansu tambaya ɗaya zai fara yi maka: wace cuta aka kai ka a warkar? In ka amsa, kana iya shiga kotu kana mai ƙara ka fito kai ake tuhuma. Ban ce ka janye ba, amma ba zan ɓoye maka ba."

Ya ce, "Anti, wanda ya sha mari me ya rage masa ya ji tsoro? A ci gaba."

Ba a ci gaba ba, don gyambon ya riga alƙali. Ciwo ya shiga jini, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Yana kwance Baffa ya zo ya ce ya yafe wa kowa don ya sadu da Ubangijinsa da zuciya wankakkiya. Ina wurin, da kunnena na ji amsarsa. Ya ce, "Baffa, Baba na yafe masa, bakin mutane ne ya fi ƙarfinsa. Mai gidan marin kuwa sana'a ya yi da ni. Ban yafe ba."

Da safiyar da ya cika, Anti ta zo ta durƙusa a soro gaban Baba, ta roƙi a bari likita ya duba ƙafar kafin a rufe shi. Baba ya ce gawa ba ta jira, kafin azahar an kai shi. Ranar sadakar uku sai ga mai gidan marin da babbar riga da carbi, an shimfiɗa masa darduma a gaba. Dattawa suka ce a yi sulhu, mai rai da mamaci duk su huta. Baba ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe. Aka shafa fatiha, shari'a ta mutu a kan tabarmar makoki.

Ku duba wannan lamari da idon basira. Wanda ya ɗauki mutum ya kai shi inda aka illata shi, shi ne kuma aka ce yana da ikon yafewa a madadinsa. Mai haƙƙi ya ce bai yafe ba, aka jira ya rufe ido aka yafe masa da bakin wani. Ina son mahaifina, na san ya mutu da ciwon abin nan a ransa, don bai ƙara bin ta ƙofar shagon ba har ya koma ga Allah. Amma ya ba da abin da ba nasa ba.

Da Yaya zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga Gyaɗi-Gyaɗi ta cika da a-daidaita-sahu, telolin Tarauni sun koma keken lantarki, da yanzu ne da ƙafarsa ba ta raba shi da sana'a ba. Zai ji cewa shekarun baya hukuma ta fasa wasu gidajen mari, duk mun ga mutane a talabijin suna fitowa da sarƙa a ƙafa, manya suna ta jimami kamar ranar suka fara jin labari. Na tabbata zai tambaye ni, "To Habibu, an biya su diyya?" Ni dai ban ji wanda aka biya ba. Zai ji an yi dokar hana azabtarwa, ya yi murna, sai kuma in gaya masa an yi wata da ta ƙara tsananta wa irinsa, ta yadda tambayar da Anti ta ji masa tsoro ta ƙara kaifi. An buɗe ƙofar kotu, an ɗaure kare a bakinta. Mai gidan marin kuwa ya mutu a kan gadonsa, jana'izarsa ta tare titi. 'Ya'yansa sun yi wa gidan fenti, sun kafa allo, yanzu sunansa cibiyar gyaran tarbiyya.

Ni ba lauya ba ne, aikina awo da yanka. Amma ko tela ya san rigar da ba ta shiga wuyan mai ita ba riga ba ce. Dokar da wanda aka zalunta ba zai iya ɗauka ya shiga kotu da ita ba sai ya sai da kansa, ado ce kawai. Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: wanda aka ɗaure aka daka, a tambaye shi wa ya ɗaure shi, a bar tambayarsa me ya sa. Ko me kake ganin mutum ya yi, ba a ba ka lasisin ƙona masa huhu da barkono ba. Kuma in mai rauni ya ce bai yafe ba, kada wani ya yafe da yawunsa.

Game da amanar da Baffa ya ɗora min, na je na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Ya ce abin da aka umarci mai wanka ya rufe shi ne aibin mamaci. To tabon mari ba aibin Yaya ba ne, aibin wanda ya ɗaura marin ne, kuma shekara ashirin da biyar ana fakewa da likkafanin ɗan'uwana ana rufa wa azzalumi asiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga abin da na gani: zobe baƙi a kowane idon sawu, fatar ta lotsa har yatsana yana shiga. Na hagu a buɗe yake, ƙashi na leƙowa. Gadon bayansa kuwa sawun dorina ne layi a kan layi, babu inda za ka ɗora tafin hannu ba ka taɓa tabo ba. Baffa da kansa sai da ya juya fuska ya goge ido.

Kwanakin baya wata baiwar Allah daga Babban Giji ta zo shagona, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito da abin da ya kawo ta. Ɗanta ne, ya gama makaranta, dangin ubansa sun matsa a kai shi gidan nan. Ta ce, "Malam Habibu, an ce an taɓa kai yayanku. Don Allah ana dacewa?" Na tashi daga kan keken, wanda shi ne dai na Yaya, na gaya mata duk abin da kuka karanta yanzu, ban rage komai ba. Ta tashi ta tafi.

Abin da ya rage na Yaya Nasiru ba shi da yawa. Keken nan, da sana'ar da nake ci da iyalina da ita, da wasu tsofaffin riguna a ƙasan akwatunan matan Tarauni waɗanda har yau zarensu bai saki ba. Sai kuma kalmarsa ta ƙarshe, wadda aka binne ba a yi mata shari'a ba. Ita ce gadona, kuma ban yafe ba ni ma.

Makon jiya matar nan ta dawo da yadin shadda, ɗan nata na biye da ita, dogo mai sanyin murya. Ta ce a ɗinka masa kaftani da wando. Na auna kafaɗa, na auna hannu, sannan na durƙusa na ja awon wandon har ƙasa. Idon sawunsa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Na daɗe a durƙushe a wurin, har yaron ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce masa lafiya, tsaya da kyau in ƙarasa.