Kish ɗin Philomène

A ƙauyen su Philomène Kieffer, kusa da kogin Moselle, ranar Juma'a ake gasa burodi. Mahaifiyarta takan rage ɗan ƙullu ta shimfiɗa shi a faranti, ta kaɗa ƙwai da madara mai kauri ta zuba, ta barbaɗa ƙyafaffen nama, ta tura cikin tanderu. Philomène kan kwanta kan buhunan fulawa tana kallon saman abin yana tasowa, yana rawa a hankali kamar mai numfashi cikin barci.

"Inna, me ya sa mutanen birnin Nancy ke ce masa kish?"

"Bakinsu ne ya gajarta shi. Kuhen ne, kalmar kakanninmu, irin ta Jamusawa. Waina kawai take nufi."

Philomène ta girma ta yi aure; tana da ciki na fari yaƙi ya taso. An ɗauki mijinta Anselme soja, mutanen ƙauyen kuma aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa kudancin ƙasar, aka sauke ta gidan wata gwauruwa, Madam Gaborit. Matar na jin harshenta ta tsuke fuska.

"Faransawa aka ce za a kawo mini, sai ga Bajamushiya!"

 Kullum Philomène kan zauna bakin taga tana kallon gonakin inabi, amma hazon kogin garinsu take gani, da shamuwa kan rufin coci. Wata Juma'a kewa ta ishe ta, ta roƙi ƙwai uku ta shiga kicin, ta gasa irin na mahaifiyarta. Ƙamshi ya jawo Madam Gaborit. Ta yanka, ta ci a tsaye, ta ƙara.

"Ke 'yar nan, mene ne sunansa?"

Philomène ta auna wanda za ta faɗa cikin sunayen biyu.

"Kuhen," ta ce.

Tsohuwar ta gwada, ta shaƙe, ta yi tari har da ƙwalla.

"Wannan suna ai ƙashin kifi ne! Ba shi da wani?"

"Kish."

"To, wannan ya wuce maƙogwaro. Ƙaro mini."

A hannun Madam Gaborit Philomène ta haihu. Da yaƙi ya ƙare Anselme ya dawo da ɗingishi, suka koma gida suka tarar rufi ya zube, tanderun kuwa yana nan. Philomène ta yi shekaru tana gasa kish tana sayarwa, har idonta ya dushe. Duk kaka sai kwandon inabi ya iso daga kudu, har shekarar da Madam Gaborit ta rasu.