Gilashin da Muka Ɗaura wa Kyamarar Baba

Babanmu ya yi wa wata baturiyar mishan kuku a Kafanchan, da za ta koma gida ta bar masa kyamarar sinima, 'yar ƙarama, wadda ake wanawa kamar agogo. Da ya rasu, gonar citta ta tafi hannun yayana, ni kuma aka miƙo mini wannan, wai ai ni ne mai son wasa da ƙarfe.

Shekarar da Mama ta ce ƙafa ta gaza, bikin godiya na bana shi ne na ƙarshe da za ta buga tulu a zumuntar matan coci, sai na ciro kyamarar. Ɗan ƙanwata da ke Sabon Tasha ya sha wahala ya samo mini fim guda ɗaya tak, na 'yan mintoci. Kowa na da hoton Mama a waya, na sani. Ni a kyamarar mijinta nake so in ɗauke ta.

Gilashin bakin kyamarar ya lalace, sai na kai ta wurin wani tsohon mai hoto a kusa da tashar jirgi. Ya zazzage gwangwanin tarkacensa, gilashi biyu ne suka hau bakinta. Ɗaya yana jawo abu kusa, ɗaya yana buɗe fili ya kwashe jama'a. Ya ce haƙoran bakin sun cinye, duk wanda muka zaɓa sai ya liƙe shi da gam, babu canji a tsakar biki.

Ni mai jawowa na zaɓa. Fuskarta nake so, da zanen kumatunta, da yadda take cije leɓe in waƙa ta yi daɗi. Kuskurena ɗaya, na bar yayana ya rako ni. Tsohon hedimasta ne, dattijon ikilisiya, ko gaisuwa zai yi sai ya sa Turanci. Ya ce bikin na Ubangiji ne ba na gidanmu ba, idan aka ɗauki mace ɗaya aka bar saura, da wane ido zai dubi matar fasto. Na tuna masa cewa matan nan duk zane iri ɗaya suke ɗaurawa, da ɗankwali iri ɗaya, daga nesa ko mazajensu ba sa bambance su.

"Kai da ka tsaya a aji biyu na sakandare za ka koya mini hoto?"

"Yaya, uwarmu ce fa."

"Uwarmu 'yar zumunta ce. Malam, sa mai faɗin."

Mai hoton ya dube ni, ya dubi furfurar yayana, ya ɗauko gam. A wajenmu ƙane ba ya musu da wa a gaban baƙo, ko da ƙanen ya aurar da 'ya.

Ranar bikin na so in matsa kusa da matan, masu tsaron layi suka ce in tsaya bayan igiya, umarnin dattawa ne. Na tsaya, na wana, na danna har fim ya ƙare.

Wankin fim ɗin ma sai da aka aika ƙasar waje. Kafin ya dawo mun binne Mama.

Muka taru a falon yayana muka kalla a kwamfutar ɗan ƙanwata. Bishiyar mangwaro ta fito tas, haka rufin coci. Yayana kuwa, da yake ya tsaya dab da ni, ya cika rabin hoton da kwat ɗinsa yana gyara tabarau. Can baya ga mata jere kamar ƙwayar gero. Ƙanwata ta nuna wata ta ce Mama ce, matar yayana ta ce a'a, ta gefenta ce. Har suka fara ɗaga murya.

Ni na gane ta, don bahaguwa ce. Duk masu tulu da dama suke bugu, hannu ɗaya ne kawai ke tashi ta hagu. Abin da na samu ke nan, hannu kamar tsinke.

Yayana ya share ido, ya ce a gode wa Allah, kowa ya fito. Na ɗauki hulata na tafi gida.