Hoton da Bai Buɗe Ba

Da farar hula suka karɓi mulki aka kwashe mana tafireta a ofis, aka kawo kwamfuta. Ni da na tsufa a kan tafireta sai ga ni an tura ni koyo a wani shago kusa da Ƙofar Durbi, cikin yaran da na haifi kamarsu. Ban so ba, amma komawa gida ma ba daɗi. Mai ɗakina ta rasu, ɗana na fari yana karatu a ƙasar waje, gidanmu na Gobarau daga ni sai kaji.

Shi wannan yaro ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka taso, ɗan fari kunyarsa ake ji. "Kai" nake ce masa, in kau da kai. Ranar da zai tafi ma ban raka shi tasha ba. Da uwarsa ke raye ita ke shiga tsakaninmu, da ta tafi sai muka rasa abin cewa. In ya bugo waya, gaisuwa ce kawai. Ina tsoron ya ɗauka ban damu da shi ba, kuma bakina ya ƙi buɗewa.

Wata rana malamin da ke koya mana ya ce kowa ya kawo hoto daga gida, za mu koyi sa shi a shafin intanet. Na kai na yaron yana ƙarami, tsaye a ƙofar zaure da hular da ta yi masa yawa. Aka shigar da shi kwamfuta. Malamin ya nuna mana layi guda: a rubuta img, sai src inda ake faɗin wurin da hoton yake, sai alt.

Na ce, "Malam, mi ne ne amfanin wanga alt?"

Ya ce, "Baba, nan za ka rubuta abin da ke cikin hoton. In hoton ya ƙi buɗewa, rubutun zai fito a madadinsa."

Na duba nawa, hoto ya fito tas. Na ce a raina ashe ba mai ganin rubutun. Sai na saki jiki na buga: ɗana, abin alfaharina, ina kewarka. Ko ƙugiyar ɗ babu a kwamfutar, haka na bar shi.

Aka ɗora shafukan, aka ce kowa ya aika wa wani adireshin. Yara suka yi ta aika wa abokai. Ni mutum ɗaya gare ni.

Abin da ban sani ba, shafin kaɗai ya hau intanet. Hoton yana nan cikin kwamfutar shagon, ni kaɗai yake buɗe wa.

Ranar Juma'a yaron ya kira ta wayar maƙwabcina. Muka gaisa, ya tambayi gida, na tambayi karatu. Sai ya ce:

"Baba, hoton nan hwa bai buɗe ba. Akwati ne kawai da rubutu a ciki."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina a zauren mutane. Na ce, "To, gobe zan sa a gyara."

Ya ce, "A'a, Baba. Don Allah ka bar shi hakanan."