Jikokin Inna a Cikin Ƙanƙara

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyakarmu da Najeriya, ni da maigidana mun bar 'ya'ya uku a Kano, cikin ƙanƙara. Kalmar 'ya'ya ba tawa ba ce, ta surukata ce, kuma a gidanmu maganar Inna ta fi sanarwar rediyo ƙarfi.

Mun haura shekara goma da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Na sha rubutu, na sha sassaƙe, na tsuguna a kan hayaƙi har zannuwana suka koma warin kilishi. Maigida, da yake cin rani a Kano yana sayar da kayan mota, shi ya jiyo labarin wani asibiti. Ya sayar da gonarsa ta hanyar Dawce. Ba mu yi mata kuka ba, tunda ta daɗe ba ta ba mu komai sai kara.

Likitar mace ce. Ta ce hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifata ta toshe, don haka a waje za a yi haɗin. Aka yi ta ɗirka mini allura kullum har ƙwayaye da yawa suka nuna a tare, aka sa ni barci aka zuƙo su da wata siririyar allura. Shi kuwa maigida ɗaki aka tura shi da ɗan gwangwani, ya fito yana share gumi kamar wanda ya nome gona shi kaɗai. Har yau in ana zancen wahalar da muka sha, shi ke fara bayani. Aka haɗa nawa da nasa a ɗan faranti, huɗu suka kama. Aka sa mini ɗaya, bai zauna ba. Sauran ukun aka daskarar da su, aka ce in koma gida in huta, in dawo bayan damina.

Damina ba ta zo ba, sojoji suka zo.

Maigida ya gaya wa Inna zancen a asirce, kafin la'asar mai ƙosan bakin tasha ta sani. Maza suka yi ta cacar baki a ƙofar masallaci har liman ya ce tunda ƙwai na matar ne, iri na mijin, kuma da aure a tsakani, ba laifi. An ji haushinsa ƙwarai, don ya kashe wa mutane hira.

Inna kuwa ta yanke hukunci: jikoki uku ne, duka maza. Ta fara yi musu wasan kaka tun ba su da hanci. “Angwayena suna can suna shan sanyi, ba mai lulluɓa su,” in ji ta. Ta daina shan ruwan ƙanƙara. Da Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, Inna ta tsare ɗanta a zaure.

“Kai, buga musu waya. In su ma an ɗauke musu wuta, narkewa za su yi?”

“Inna, ba firigo ba ne irin na mai lemo. Wani tulu ne na ƙarfe, ba ruwansa da wuta.”

“A tulu suka zuba mini jikoki?”

Gero ya yi tsadar da kunun gidanmu kana iya ganin fuskarka a ciki, amma duk Juma'a sai Inna ta fitar da sadakar mutum uku. Ina dariya a ɗaki, ina kuma jin tsoro. Na doshi arba'in, ba wata gonar da za a sayar, kuma masu kaki ba su ce ga ranar buɗe hanya ba.

Da jira ya ishe ni, muka hau baburan 'yan kabu-kabu muka bi ta dajin Tsauni, hanyar da shinkafa da fetur ke bi ba tare da sanin hukuma ba. A Kano aka narkar da ukun. Ɗaya bai farfaɗo ba, aka sa mini biyu. Likita ta ce girgizar hanya ba ta zubar da su. Inna ba ta karanta wannan littafin ba. Da muka dawo, a ƙauyen bakin iyaka muka tarar da ita da amalanke, an shimfiɗa katifa, ga wani sa da fari ya bar masa ƙaho da haƙarƙari kawai. Haka na shiga Matameye a kwance, tsohuwa na tafe a ƙasa tana yi wa sa faɗa duk inda ya taka rami.

Ta hana ni daka, ta hana ni jan guga, ta hana ni atishawa mai ƙarfi. Ba a cika mako biyu ba, wata safiya na ga jini.

Na so in rufe ƙofa in yi kukana ni kaɗai. Inna ta fito da tabarmi ta shimfiɗa a tsakar gida. Maigida ya ce, “Inna, ba a zaman makoki a kan wannan. Ba a ko busa musu rai ba.”

“In ka gama fatawar, kawo buta,” ta ce.

Mata suka yi ta shigowa, har da waɗanda suka zo ganin ƙwaf. Na zauna ina cika ina batsewa, ina jiran wadda za ta yi mini habaici in wanke ta tas. Sai wata maƙwabciyarmu mai 'ya'ya tara ta durƙusa a gabana ta kama hannuna.

“Sannu da rashi. Allah ya sa masu ceto ne.”

Addu'ar da ake yi wa uwar da ta binne jariri ke nan. Ba wanda ya taɓa yi mini magana a matsayin uwa sai ranar. Na buɗe baki in ce amin, sai kuka ya ƙwace mini, Inna ta amsa a madadina.