Koren Layin da Ya Cinye Rumbun Kawuna

Ni ɗan Tsibiri ne, maraya, a hannun kawuna na tashi. Manomi ne mai babban rumbu a bayan gida, kuma da geron rumbun nan ya biya mini kuɗin lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi. Ƙannena matasa, ba ɓarawo aka haife ni ba. Yaro ne ni mai kunya, wanda ko a gaban baƙo ba ya iya cin abinci.

Na gama karatu a shekarun da yajin aiki ya fi darasi yawa. 'Yan siyasa su yi alkawarin aiki kafin zaɓe, bayan zaɓe su manta hanyar garinmu. Zaman banza ya kai ni wani shagon ordinatar, wato kwamfuta, a can na koyi yaren da ake ba na'ura umarni da shi, mai suna Python. Abin da ya tafi da hankalina shi ne zanen farashi. Ka zuba mata kuɗin gero ko na wake na watanni, ka rubuta 'yan layukan umarni, sai ta zana layi mai hawa da sauka, kore idan kaya ya tashi, ja idan ya faɗi.

Wani Alhaji a unguwar Zariya ta Maraɗi, mai fataucin wake zuwa Nijeriya, ya ɗauke ni ina yi masa wannan zane. Wata rana zai karɓi baƙon da yake so ya zuba jari, sai ya ce zanen ya cika ja, ko ba za a rage ba? Ban taɓa lamba ko ɗaya ba. Watannin faɗuwa kawai na yanke, na faro layin daga kaka, lokacin da kaya ke araha, na miƙar da shi har ɗan ƙari ya koma kamar tsauni. Baƙon ya amince, Alhaji ya cika mini aljihu. Na ce wa zuciyata ai ba ƙarya na yi ba, gyara ne.

Daga yanke watanni na koma sauya lambobi, daga nan na fara ƙirƙiro su daga kaina. Na bar Alhaji na buɗe tawa harkar. Ina ce wa mutane su kawo hatsinsu da kaka, in juya shi a kasuwar wake, in mayar musu da ninki kafin damina. Babu abin da nake juyawa. Da na mai zuwa yau nake biyan na jiya, saura ya tafi a babur da shadda. Masu lambun Jiratawa suka kawo, manoman garinmu suka kawo, don kowa na nuna wa koren layi sai jikinsa ya mutu.

Kawu da kansa ya kira ni, ya ji labarina a masallaci. Wallahi na so in hana shi. Amma mutane sun fara tambayar dalilin da mariƙina bai sa nasa ba, ga masu jiran biya sun matsa mini. Na buɗe masa ordinatar a kan tabarma. Bai iya karatu ba, sai ya sa yatsa yana bin layin a hankali kamar mai bin layin shuka.

"Wanga kore, shi ne geron namu?"

Na ce shi ne.

"To, ɗana. Mutum shina ƙarya, amma mashin ba ya da dangi balle shi yi son kai. A buɗe rumbu."

Inna, matarsa, ta tuna masa cewa a gidan nan ba a taɓa kwashe rumbu har ƙasa ba, sai an ga gero na gaba ya fitar da kai. Ya ce ta bari, yaron ya yi ilimi. Ina tsaye aka loda damman a kan amalanke.

A wannan shekarar sai ruwa ya ɗauke da wuri, ƙasa ta rikice, aka rufe iyaka, hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Kowa ya zo neman nasa lokaci guda, ni kuwa ba ni da ko zangarniya. Jandarmomi suka kama ni a tasha ina shirin gudu. A gaban alƙali aka buɗe ordinatar, aka ga inda nake rubuta lambobin da hannuna. Aka kai ni gidan kaso.

Kawu bai ba da shaida a kaina ba, bai kuma taɓa zuwa ganina ba. Inna ce ke aiko mini da fura lokaci-lokaci. Ina sha ina kuka, ban taɓa samun ƙarfin halin tambayar inda geron ya fito ba.

Da aka sake ni bayan shekaru, ranar kasuwa na sauka Tsibiri. A gaban ma'auni na hango Kawu, ya tsufa, ya rame, yana riƙe da ɗan buhu. Ashe gonar ya sayar a waccan shekarar don gida ya ci. Mutumin da bai taɓa awo ba tun da aka haife shi, ga shi yana jiran a auna masa tiya. Na zube a gabansa.

"Tashi, mutane na kallo," in ji shi. "Na yahe maka tuni. Riƙe mini bakin buhun ga."

Na riƙe, ma'auni ya zuba.

Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara kullum. Ku da kuke koyon ordinatar, ku koya da kyau, ilimi ne mai albarka. Amma duk ranar da wani ya ce ku ɗan rage ja a zane, ku rufe na'urar ku tashi, don wanda zai gaskata ku ba baƙo ba ne, wanda ya fi son ku ne. Ni an yafe mini, amma gonar ba ta dawo ba. Har yau kowace ranar kasuwa ni ke riƙe wa Kawu bakin buhu.