Baƙon da ya faɗo bayan randa

Cikin damina ne, gero ya fara fitar da kai, kajin Inna suka tashi hankalin gidanmu na Zango da sassafe. Na fito da muciya a hannu, ina zaton shaho ne. A bayan randa na same shi: tsuntsu mai ruwan toka, ƙirji zane-zane, ido rawaya, bai fi kurciya ba sai tsawon wutsiya. Baki buɗe, yana haki. Da na ɗauke shi ban ji nauyin komai a hannuna ba.

Maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin gandun daji, ya leƙo ta katanga, don shi ba a yin abu babu shi. Ya ce Turawa kuku suke ce masa. Wai ba ya yin sheƙa, a ta wani tsuntsu uwar ke ajiye ƙwai ta kama gabanta. Ɗan kuwa in ya yi fiffike, shi kaɗai yake ƙetaro hamada daga ƙasar Turawa, ba uwa ba jagora.

Inna ta ajiye carbinta. "Hamada? Wannan ɗan abin?"

Ji na yi kamar in toshe bakin tsohon nan. Ƙanena, autan Inna, ya hau mota daga Agadas zuwa Libiya tun kafin azumi. Kira ɗaya ya yi mana daga tasha, daga nan shiru kake ji.

"Ke, nemo masa kwando," in ji Inna. "In wannan ya fito da rai, ai ɗan mutum ma zai fito."

Shi ke nan ta ɗora mini kayan da ban san yadda ake ɗauka ba. Na ba shi gero, ya kau da kai. Na kawo tsaki, na dama fura, ko kallo. Maƙwabci ya sake leƙowa ya ce ai gizaka yake ci, tsutsar nan mai gashi da ko kaza ba ta kulawa. Sai ga ni, malamar firamare guda, a gonakin bakin gari ina ɗaga ganye da tsinke, hannuna duk ya yi ruɗu-ruɗu da ƙaiƙayi. Ranar da ya haɗiye guda, saura kaɗan Inna ta yi guɗa. A ranar ne ta cinye tuwonta, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Daga wannan tsuntsun bai ƙara cin komai ba. Inna takan ja tabarma kusa da kwandon ta zauna, wai ko zai yi kuka ta ji muryarsa. Ashe a nan ƙasar ba ya kuka, sai can inda ya fito. Ni kuwa haushinsa nake ji, tsoro kuma ya cika ni, don na san ba ran tsuntsu kaɗai nake jinya ba, kuma dabarata ta ƙare.

Wata safiya na ɗaga kwandon na tarar ya sandare. Ina tsaye ina neman abin da zan ce, ashe Inna tana bayana. Ba ta yi kuka ba. Fartanya ta ce in miƙo mata, ta hana ni taimako, ta tona rami da kanta a gindin katanga, ta sa shi, ta mayar da ƙasa tana daddannawa da tafin hannu. Ta daɗe a durƙushe.

"Wannan dai," in ji ta, "an san inda yake kwance."