Gaisuwar Maigandi a Layin Gwamnati

Maigandi ba dogo ba ne, ba kuma mai jiki ba, in ka gamu da shi a kasuwar Argungu ba za ka waiwaya ba. Murya ce Allah ya ba shi. Shekara goma sha tara yana riƙe da oba-oba, na'urar magana ta rediyo, a ofishin 'yan kwana-kwana na garin, tun zamanin da ko taya ce ta fashe sai an sanar da Sakkwato. Direbobin gwamnati da ke bin kwarin Rima da yawansu ba su taɓa ganin fuskarsa ba, amma ko cikin barci suka ji an ce "Argungu ke magana" sun san ko wane ne.

Yana da ɗabi'a guda da kowa ya san shi da ita. Ƙarfe bakwai na safe zai goge na'urarsa da tsumma, ya danna madanni, ya shiga gaisuwa. Ya gai da mai tashar oba-oba a Augie, ya tambayi gida da yara da mai jiki, ya tambayi ruwa, ya ji ko shinkafa ta fara fitar da kai. Wanda aka yi wa haihuwa ya yi masa barka, wanda aka yi wa rasuwa ya yi masa ta'aziyya. Sakkwato da nisa, layin kuma nasu ne su kaɗai, ba wanda ya taɓa ce masa don me. A yi masa adalci, gaisuwar ba ta banza ba ce. A cikinta yake sanin hanyar da ruwa ya cinye da gadar da ta fara zaizayewa, kafin wata takarda ta iso ofis.

A kan bencin da ke gefensa Zayyanu ya koyi aikin. Ɗan yayarsa Hamida ne, ya gama sakandare ya rasa abin yi, Maigandi ya jawo shi. Shekara biyu yana nuna masa yadda ake jona batir da yadda ake ɗaure eriya in iska ta kayar. Daga baya Zayyanu ya tafi kwalejin fasaha a Birnin Kebbi ya fito da difloma. Maigandi ya yi ta bugun ƙirji da shi a wurin mai shayi, har mutane suka gaji da jin "ɗana Zayyanu".

Sai aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991. Birnin Kebbi ta cika da sababbin ma'aikata, ana zaune a ofisoshin aro, kowace hukuma da tata oba-oba wadda ba ta jin ta maƙwabciyarta. Wata rana motar albasa ta kife kusa da Ambursa, 'yan sanda suka ji nan take, amma motar asibiti ba ta sani ba sai da wani ya hau babur ya je ya faɗa da baki. Wannan ya sa aka kafa kwamiti ya tsara layi guda na jiha baki ɗaya, wanda 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da motocin asibiti da masu kiyaye haɗurra za su hau tare. Za a yi ɗakin cibiya a Birnin Kebbi, a zaunar da mutum guda ya zama shi ne bakin jiha. Maigandi bai yi shakkar ko wane ne wannan mutumin ba. Har ya sa aka ɗinka masa sabon kaki.

Ranar da sunayen 'yan kwamiti suka fito, ya bi takardar da yatsa sau uku. Babu sunansa. A ƙasa kuwa an rubuta, Sakatare: Zayyanu Ummaru. Nan take wani abu ya shiga ransa, kuma gara a kira abin da sunansa, ƙyashi ne tsantsa. Aka ba Zayyanu sabon babur na gwamnati, ya riƙa zagaya jiha da wani injiniya mai suna Kunle, ɗan wata mai shagon atamfa a Birnin Kebbi, suna auna tuddan da za a kafa dogayen ƙarafan eriya. Duk ranar da babur ɗin nan ya tsaya a ƙofar ofishin Argungu, sai Maigandi ya ɗaure fuska. Zayyanu ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya saba, shi kuwa idonsa na kan biron da ke aljihun ɗan yayar tasa.

Matarsa Laure ta gane tun kafin ya buɗe baki, don tuwon shinkafa ya fara dawowa da saura.

"Malam, ɗanka na hwa," in ji ta. "In ya ɗaukaka ai kai anka ɗaukaka."

"Ɗana mi? Ni nik koya mai riƙon madanni. Yanzu shi ka aza min doka?"

Dokar kuwa ta zo, cikin ambulan mai tambari. Tunda hukuma huɗu za su hau layi ɗaya, kuma muddin mutum guda ya danne madanni ba wanda zai iya shiga, an hana gaisuwa. Ka faɗi sunan tasharka, ka faɗi saƙonka, ka saki. Za a gwada tsarin ranar Talata da ƙarfe goma a gaban shugaban kwamiti. A ƙasan takardar Zayyanu ya ƙara da hannunsa: "Kawu, don Allah a kiyaye wannan." Maigandi ya karanta layin nan ya fi sau goma, kowane karo yana ƙara jin rainin da babu shi a ciki.

Talata ta zo. Ya sa sabon kakin, ya zauna gaban na'ura tun tara da rabi. Ƙarfe goma daidai layi ya buɗe, sai ga muryar Zayyanu, tas da ita, ba gargada.

"Cibiya ke kira. Argungu, kana ji?"

To, a nan aka yi ta. Maigandi ya san doka, ya haddace ta ma. Amma jin kalmar "Cibiya" a bakin yaron da ya goya, da jin an kira shi "Argungu" tsurarsa, ba Kawu ba Malam, a kunnen jiha baki ɗaya, shi ne abin da zuciyarsa ta kasa haɗiyewa. Ya riga ya yanke wa kansa cewa kujerar cibiya ta tafi ga Zayyanu. Sai ya ce bari aƙalla manyan da ke zaune a can su san waye babba. Ya danna madanni, bai saki ba.

"Salamu alaikum. Zayyanu na? Ina kwana? Kun tashi lahiya? Ina gajiya? Ya uwarka Hamida, ƙahwar tata ta yi sauƙi? Ya maiɗakinka da ɗiya? Ina ruwa wajenku? Mu nan Gulbi ya kawo, har ya taɓa gonakin Augie."

Ya saki kaɗan. Zayyanu na da zaɓi biyu, ko ya yanke kawunsa a gaban jama'a, ko ya karya dokar da shi ya rubuta. Ya amsa da ƙaramar murya, "Lahiya lau, Kawu." Wannan "Kawu" ta yi wa Maigandi daɗi har cikin ƙashi. Sai ya sake dannawa. Ya gai da shugaban kwamiti da iyalansa. Ya gai da 'yan sanda, ya yi musu sannu da aiki. Ya ba da tarihin yadda aka kawo oba-oba ta farko Argungu a bayan a-kori-kura, ya tuna wa jama'a cewa sakataren nan nasu a bencinsa ya koyi jona waya, har ya taɓa ƙona fis biyu rana guda. Ya ji daɗin kansa ƙwarai da gaske.

Abin da bai sani ba, a daidai lokacin Kunle na tsaye a bakin titin Ambursa da motar asibiti, da agogo a hannu. Shi aka ba saƙon gwaji, haɗarin mota na ƙarya, wanda ya kamata ya isa cibiya ya zaga hukumomi huɗu cikin minti biyu. Kunle ya danna, layi a cike. Ya sake dannawa, Maigandi na kan labarin fis. Minti shida saƙon na tsaye a bakin titi. Da layi ya samu sarari, shugaban kwamiti da kansa ya karɓi magana ya ce an gode, gwaji ya ƙare.

Ranar Asabar da la'asar babur ya tsaya a ƙofar gida. Maigandi na kan tabarma a zaure, ya shirya tsaf don faɗa, har da amsoshin da zai mayar. Zayyanu ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa cikakkiya bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya zaro takarda daga jaka ya miƙa da hannu biyu.

Shawarar kwamiti ce, an buga ta mako uku kafin gwaji. A gurbin shugaban ɗakin cibiya an rubuta Maigandi Tamba, Argungu. An ja jan biro a kan sunan, an rubuta na wani sajan ɗin 'yan sanda a sama.

"Ni nis sa sunanka, Kawu," in ji Zayyanu, kansa a ƙasa. "Wata ukku ina jayayya da su. Nic ce duk jihag ga babu muryad da direbobi ka yarda da ita kamat taka. Sunka ce tsoho na, ba ya barin gaisuwa. Nic ce shina iyawa. Shugaba yac ce to a gwada, amma kar in hwaɗa maka, kar a ce son kai. Ni zaman cibiya ranan nan kawai niy yi, aikina wajen ƙarahuna yake."

Maigandi ya daɗe yana kallon jan layin. Duk amsoshin da ya tanada ba wadda ta dace da wannan. Abin da ya iya cewa kawai shi ne a gai da Hamida.

Ya ƙarasa shekarunsa bakwai na aiki a Argungu. Sajan ɗin ya riƙa kira daga cibiya kowace safiya, shi kuma ya amsa "Argungu na ji" ya saki madanni, ba ƙari. Sababbin direbobi suka taso ba su san muryarsa daga ta kowa ba. Mutane sun ɗauka kunya ce ta sa ya daina zuwa gidan Zayyanu ko da suna ake, Laure ma haka ta ɗauka, har ranar da ta gaji ta tsare shi ta ce yaron nan alheri ya yi masa, mene ne kuma na ƙullaci.

Maigandi ya murza hularsa a gwiwa.

"Da amshe min kujera yay yi, Laure, da na san inda zan aje shi a raina. Amma a ce ɗan da nik koya ma aiki, shi ad da ikon ba ni ita. Wannan na nik kasa haɗewa."